Fiyus ɗin na'urar busar da abinci ya mutu, a haɗa waya dairek ko a'a?

Maman Yara: Assalamu alaikum jama'a, dan Allah a taimaka min. Na sayi na'urar busar da abinci ta hannu mai tire biyar, kwana uku tana aiki lafiya lau, jiya na kunna fanka na juyawa amma iskar sanyi ƙalau ba ɗumi ko kaɗan. Mai gyara ya duba ya ce ɗan fiyus ɗin zafi ne ya mutu, wai a cire shi a haɗa wayar dairek ba abin da zai faru. Haka ne?

Mai Rediyo: Wa'alaikumussalam Hajiya. Gaskiya ya faɗa miki. Tamostat ne ke riƙe da zafi, shi ke kashewa shi ke kunnawa, fiyus ɗin nan ƙari ne kawai. Na sha haɗa irinsa a dutsen guga kuma har yau suna aiki.

Ɗan Lantarki: Haba Oga, kar ka sa ta a hanyar nan. Dutsen guga kana tsaye a kansa, ita wannan awa takwas, awa goma sha biyu take yi a kunne, wani lokacin mutane na barci, ga jikinta yawanci roba ce. Kuma fiyus ba ya mutuwa haka siddan, zafi ne ya wuce abin da aka rubuta a jikinsa sai ya katse, sau ɗaya yake yi shi kenan. To me ya kai zafin can? Ko fanka ta yi nauyi, ko ƙura ta toshe ramukan iska, ko shi tamostat ɗin da kake yabo ya maƙale a kunne ya daina kashewa, in kuwa shi ne ka cire fiyus to wa ya rage zai tsayar da wutar?

Mai Rediyo: Tsufa ma na kashe shi ai, ba sai da dalili ba.

Ɗan Lantarki: Na yarda yana faruwa. Amma ba za ka sani ba sai ka gwada.

Wata 'Yar'uwa: Ku duba bayanta tukuna, in ta Amurka ce 120V take sha, aka jona ta a 230V ba transfoma zafin kusan ninki huɗu zai yi.

Maman Yara: Na duba yanzu, 220-240V, 500W aka rubuta.

Ɗan Lantarki: Madalla, ba nan matsalar take ba. Hajiya ki ce wa mai gyaran ya zare fulogi, ya sa mitar gwajin lantarki a kan koyil ɗin, wato naɗaɗɗiyar wayar da ke ba da zafi. Mai 500W a 230V ya kamata ya nuna wajen om 100 da 'yan kai (om shi ne ma'aunin turjiyar waya ga wuta), in bai nuna komai ba koyil ne ya tsinke. In lafiyarsa ƙalau a sayo fiyus mai lamba ɗaya da tsohon, digirin da amfiyan duk a jikinsa suke. Kuma matse shi ake yi da ɗan ƙarfen haɗa waya, in ya ce zai liƙa da dalma zafin kaɗai na iya kashe sabon tun kafin a rufe murfi.

Mai Rediyo: To amma ko na minti biyu a haɗa dairek a ga koyil zai yi zafi, wannan kuma fa?

Ɗan Lantarki: Mita ta riga ta ba ka amsa, me za ka gani kuma? Abin da nake tsoro a ga ta yi zafi a ji daɗi a ɗaure sukurori a bar ta haka.

Maman Yara: Mun buɗe ƙasanta. Wallahi fankar duk maiƙo ne ya daskare da ƙura, na tura ta da yatsa ko zagaye ɗaya ba ta cika ba ta tsaya, ga robar kusa da koyil ta yi ruwan ƙasa-ƙasa har ta ɗan lanƙwashe. Ashe juyawar da nake ji da ƙyar take yi.

Mai Rediyo: Toh, wannan kam fanka ce ta kashe shi. A nan na sauka, amma har yanzu ina kan bakana cewa ba kowane fiyus ke mutuwa da dalili ba.

Wata 'Yar'uwa: In an gyara ki sa ma'aunin zafi a tiren tsakiya ki bar ta babu komai kamar rabin awa. Ki saita digiri 57 na Selsiyas, wanda ake busar da 'ya'yan itace da shi, ki ga ko za ta tsaya nan kusa ko za ta yi ta hawa. In tana hawa ba tsayawa to tamostat ma sai an canza kafin ki zuba komai.

Maman Yara: Na gode ƙwarai, Allah Ya saka da alheri. Bari in ɗauki hoton lambar fiyus ɗin kafin ya cire shi.