Riƙon bayanai ko mulkin bayanai?

Jama'a, ku taya ni. Kwana uku ke nan ina kokawa da fassarar abin da Bature ke kira data governance da ɗan'uwansa data architecture.

Ita data mun riga mun ba ta wani aiki, wadda ake saya a waya ta ƙare ana tsakiyar hira. A bar ta can, mu ɗauki "bayanai".

Ku ɗauki babban kamfanin wutar lantarki. Taransifoma ɗaya ce, amma sashen gyara ya san ta da wata lamba, sashen kuɗi da wata, masu taswira kuma da ta uku. Ranar da ta ƙone sai a rasa ko ita ce aka gyara bara. Wa ke da ta cewa kan lambar gaskiya? Wa aka yarje wa ya canza ta? Wuyan wa za a kama idan ta zo da kuskure? Amsar waɗannan, wato data governance, muke nema wa suna.

Kada a raina abin. A 1999 hukumar NASA ta yi asarar kumbon da ta aika duniyar Mars, don wani rukuni ya ba da alƙaluma da ma'aunin fam, ɗayan ya karanta su da ma'aunin mita.

"Gudanar da bayanai" bai yi mini ba. Gudanarwa aikin kullum ne, adanawa da tacewa da ajiye kwafi. Wannan kuwa shi ke shata wa gudanarwar iyaka. Wani malami ya kawo "mulkin bayanai". Malam, ka kusa, sai dai mulki yana jan hankali zuwa kujera da siyasa, alhali mai wannan aiki ba kasafai yake da iko a kan injiniyoyi ba. Rabin aikinsa lallashi ne da zaman sasantawa.

Ni na karkata ga "riƙon bayanai". Riƙo a bakinmu tafe yake da amana. Wanda aka ba riƙon yaro ya san ba shi ya haifa ba, kuma ya san za a tambaye shi. Daga nan sauran suna fitowa da kansu: wanda ke kula da bayanan sashe shi ne "mai riƙo", babban da laifi zai hau kansa "mai alhaki".

Ɗayar, wato data architecture, ba ta ba ni wahala ba. Tun 1987 da John Zachman na kamfanin IBM ya fitar da tsarinsa, daga magina ya aro tunanin. "Zanen gini" ya manne wa bulo da siminti, "tsari" kuma mun tsufar da shi. "Fasalin bayanai" ya isa: me ke ina, me ke haɗe da me, ta wace hanya yake bi.

Abu ɗaya ke ci mini tuwo a ƙwarya. Idan aka ce "shugaban riƙon bayanai", ba za a ɗauka na riƙon ƙwarya ne ba, wanda ke jiran a naɗa na dindindin? Masu aikin fassara, ya kuka ji shi a kunne?