Dila ya ce sai an sabunta manhajar injin sabuwar motata: in yarda ko in dakata?

Mai tambaya:
Assalamu alaikum 'yan uwa. Shawara nake nema wurin waɗanda suka san kan motoci masu gudu. Na sayi sabuwar mota fil, mai turbo, mai giyar hannu, kuma tana cikin garanti. Ba zan kama sunan kamfanin ko na dilan ba, don ba tonon silili ya kawo ni ba. Matsalarta ita ce, idan injin bai gama ɗumi ba, na taka totur a giya ta uku ko ta huɗu alhali allurar zagayen inji tana ƙasa da 2,500, sai ta cije kamar an riƙe ta ta baya, can kuma sai ta fizga. Silonta ma hawa yake yana sauka. Akwai ranar da wutar inji, wato 'yar fitilar gargaɗin nan ta gaban direba, ta kama, daga baya ta mutu da kanta.

Na kai wa dila, suka ce sun jona na'ura ba su ga komai ba. Da na sake komawa, sai mai karɓar motoci ya ce ai kamfani ya san da maganar, har an fito da sabuwar manhajar kwamfutar inji, in kawo su ɗora. Na tambaye shi me sabuwar ta canza, ya ce abin da aka rubuta musu kawai shi ne tana inganta tuƙi, kuma in an ɗora ba a komawa tsohuwa. To ga shi wasu masu irin motar suna cewa tun da aka ɗora musu, motarsu ta yi sanyi. Ni kuwa don zafin nata na saye ta. Wani abokina cewa yake in rabu da dila in kai wa masu tunin, wato masu sauya saitin kwamfutar inji, su saita min. Wallahi hankalina ya rabu biyu. Me kuke gani?

Bakaniken dila:
Wa alaikumus salam Malam. Aikina ke nan, bari in gaya maka yadda abin yake ta ciki. Dila ba ya rubuta manhaja, ba ya kuma iya taɓa ko lamba ɗaya a cikinta. Kowane kamfani yana da na'urarsa: Volkswagen da Audi suna da ODIS, BMW na da ISTA, Mercedes na da XENTRY. Mu dai mu jona ta a soket ɗin OBD mai ƙafa 16 da ke ƙarƙashin sitiyari, ta karanta lambar shasi, ta tambayi kwamfutar kamfani ta intanet, sai a turo abin da ya dace da wannan motar. Don haka mai karɓar motocin ba lallai ɓoye maka yake yi ba, sau da yawa mu ma layi biyu ake rubuto mana.

Amma kowane gyara irin wannan yana da takarda mai lamba, kuma ba duk takardun ne ɗaya ba. Akwai kiranye, wato abin da ya shafi lafiyar mutane ko dokar hayaƙi, wanda ake rubuta wa duk mai motar wasiƙa kuma kyauta ake yi. Akwai kamfen na kamfani, wanda ake yi wa duk motar da ta shigo gareji ko mai ita bai yi ƙorafi ba. Sai sanarwar gyara da ake aiko wa makanikai, wadda ba a amfani da ita sai mai mota ya kawo kuka kuma mun tabbatar da alamar da idonmu. Ina zargin taka ta ƙarshen ce, shi ya sa karon farko aka sallame ka. Kamfani ba ya biyan dila kuɗin aikin garanti sai da hujja, shi ya sa in ba mu ga lambar matsala ba hannunmu a ɗaure yake. Ka nemi lambar takardar, ka ce a nuna maka alamomin da aka lissafa a ciki. In sun yi daidai da na motarka, magana ta fara kyau.

Sai abin da ya fi damuna a bayaninka: wutar nan da ta kama. Idan ta kama, kwamfuta tana ajiye lambar matsalar tare da hoton halin da injin yake ciki a daidai lokacin, zafin ruwa, zagayen inji, nauyin da ke kansa. Wutar tana mutuwa da kanta in aka yi tafiya uku a jere matsalar ba ta dawo ba, amma lambar tana nan a ajiye har sai injin ya yi ɗumi ya huce kamar sau 40. Ɗora sabuwar manhaja yana share duk wannan. Kada ka bari a ɗora sai an buga maka shi a takarda.

Injiniya:
Oga bakanike ya yi bayani mai kyau. Ni zan taɓa dalilin da ya sa mota sabuwa take buƙatar wannan tun farko, don mutane na ɗauka ha'inci ne. Abin da ake canzawa yawanci ba tsarin manhajar ba ne, jadawalin lambobi ne: yawan fetur, lokacin da fulogi zai ba da wuta, iskar da turbo zai cusa, yadda totur zai amsa ƙafa. Dubban lambobi ne, an saita su a kan 'yan motocin gwaji. Ranar da mota ta shiga hannun dubban mutane, da fetur iri-iri, da zafi da sanyi da tudu, sai a ga abin da ba a gani ba a ɗakin gwaji.

Alamar da ka faɗa, wato taka totur da ƙarfi a babbar giya injin na ƙasa, nan ne wurin da injinan turbo masu fesa fetur kai tsaye cikin silinda suka fi rauni. Fetur yakan kama wuta da kansa kafin fulogi ya kunna shi, kuma bugu ɗaya mai tsanani na iya fasa fistin. Matsalar ta kai har aka fito da sabon ma'aunin baƙin mai saboda ita, API SN Plus a 2018, sannan API SP a 2020. Idan sensa ta ji ƙwanƙwasa, kwamfuta takan ja taimin, wato lokacin ba da wutar fulogi, baya nan take, kai kuma sai ka ji mota ta cije. Ban ce ita ce taka ba, daga nesa ba a yanke wannan hukunci. Amma in ita ce, sabuwar manhajar za ta iya rage ƙarfi kaɗan a ƙasa don ta kare injin, ta bar na sama yadda yake. Ƙarfin dokin da aka tallata da shi aka yi wa motar rajista wurin hukuma, kamfani ba ya wasa da shi haka kawai.

Kafin nan, ka daina lodin injin a ƙasa. Ka sauke giya, ka bar shi ya hau.

Ɗan tsere:
Yallabai Injiniya, a yi min afuwa, ban yarda a ce kamfani ba ya rage wa mota zafi ba. Nissan GT-R na farko-farko, tsarin tashi da gudunsu yana riƙe zagayen injin a 4,500 kafin ya saki. Da giyabos suka fara lalacewa, a 2009 aka fito da manhajar da ta sauke wannan lambar. Ƙarfin doki bai canza a takarda ba, amma yadda motar take tashi ya canza. Ga kuma Volkswagen bayan badaƙalar maguɗin gwajin hayaƙin dizal ta Satumba 2015, wadda ta shafi motoci kusan miliyan 11. A Turai an ɗora wa injinan 1.2 da 2.0 manhaja kawai, na 1.6 aka ƙara masa wata 'yar raga a hanyar iska. Kamfanin ya ce ƙarfi da shan mai ba su canza ba, amma masu motoci da yawa a Ingila sun yi ta ƙorafi. Ni dai shawarata, kada ka dogara da bakin kowa, har da nawa. Ka hau da ita na'urar auna ƙarfi kafin a ɗora, ka koma wannan na'urar dai bayan an ɗora, da fetur iri ɗaya, da yanayi mai kama da juna.

Injiniya:
Gaskiyarka ɗan'uwa, kuma misalin GT-R ya zauna. Abin da zan ƙara shi ne kada ya auna a ranar da aka ɗora. Kwamfuta tana koyon injinta a hankali, tana gyara yawan fetur da taimin, kuma ɗorawa yana goge abin da ta koya. Yawancin masu cewa mota ta yi sanyi a kwanakin farko suke faɗa. Ya ba ta tafiya mai ɗan tsawo tukuna. Malam, ka kuma duba littafin motar ko akwai takunkumin da ake sa wa mota tana sabuwa. Corvette ta 2020, misali, kwamfutarta tana rage ƙarfi a giya ta ɗaya da ta biyu har sai ta cika mil 500.

Dattijo:
Yarana, na daɗe ina bin labarin motocin nan, kuma abu guda nake so mai tambaya ya riƙe. Manhaja ita ce gyara mafi sauƙi ga kamfani, don haka ita ake fara miƙowa. Wani lokaci ita ce maganin, wani lokaci kuma ciwon a ƙarfe yake. A 1999 Ford ta tallata Mustang Cobra da ƙarfin doki 320, masu ita suka auna suka ga bai kai ba. Sai da aka dakatar da sayarwa, aka canza bututun shigar iska da salansa, sannan aka sake saita kwamfuta. A 2014 Porsche ta canza injin 911 GT3 ɗungurungum a motoci 785 bayan biyu sun kama da wuta. Ford Focus RS ta 2016 da 2017 kuwa ruwa take sha tana farin hayaƙi, a farkon 2018 aka kira su aka canza gasket. Duk cikin waɗannan babu wadda manhaja kaɗai za ta warkar.

Saboda haka ka ce su kwance fulogi su nuna maka bakinsu, su auna matsin kowace silinda, in suna da 'yar kyamarar leƙa ciki su leƙa kan fistin. Ka riƙa duba ruwan lagireto da baƙin mai da safe. In komai lafiya, a ɗora. In akwai tabo, kada ka yarda a rufe fayil ɗinka da manhaja.

Mai tambaya:
Na gode Baba, Allah ya ƙara girma. Ban taɓa tunanin a duba ƙarfen ba kafin a ɗora. To maganar masu tunin fa?

Hajiya mai jar mota:
Ƙanena, wannan kam kada ka soma, ba yanzu ba. Ni ma motata ta yi irin wannan cijewar tana sabuwa, aka ɗora mata manhaja ta daina, kuma ban ji ta rasa komai ba sai ɗan tartsatsin salansa da ya ragu in na ɗaga ƙafa. Na ji zafin wannan, ba zan ɓoye ba, amma injina lafiya lau.

Mai tunin zai iya kawar maka da cijewar, amma ta wace hanya? In sensa ce take ja da baya don ta kare fistin, shi kuma ya rufe mata baki, ka kashe mai gadi ne ɓarawo na nan. Sannan kamfanoni suna ganewa. Kwamfuta tana da lambar manhaja da lambar tantancewa, wasu ma suna ƙirga sau nawa aka rubuta a kansu, don haka ko an mayar da ta asali sawun yana nan. Volkswagen da Audi suna liƙa wa irin wannan motar alamar TD1 a rumbunsu. Ko a Amurka, inda dokar Magnuson-Moss ta 1975 ta hana a soke garanti haka siddan, in injin ya fashe suka nuna an taɓa manhaja, kai ne za ka sha wahalar jayayya. Mota mai matsala tun daga masana'anta, nauyinta a wuyansu yake. Kada ka sauke musu shi da hannunka.

Kuma duk zuwan da za ka yi, ka tabbata an rubuta kukanka a takardar aiki da kalmominka, da kwanan wata, da kilomita, ko da sun ce ba su ga komai ba. Ka ɗauki bidiyon allura da safe lokacin da take yi. In dila ya tsaya jan ƙafa, ka kira ofishin kula da abokan ciniki na kamfanin da kansa a buɗe maka fayil mai lamba.

Mai tambaya:
Na gode Hajiya, na bar maganar tunin. Tambaya ta ƙarshe ga Oga bakanike: tun da motar tana da intanet a jikinta, ba za su iya ɗora min daga nesa ba tare da sanina ba? Kuma ta yaya zan tabbatar sun ɗora ɗin in na kai?

Bakaniken dila:
Turo manhaja ta iska ya daɗe, Tesla tun 2012 take yi. Amma a motocin fetur da yawa, allo da taswira ake sabuntawa haka, kwamfutar inji kuwa har yanzu sai an zo gareji, don in wuta ta yanke ana tsakiyar rubutu kwamfutar na iya mutuwa. Shi ya sa muke jona batir da na'urar riƙe wuta kafin mu fara. Inda ake turowa ta iska ma, mota takan nemi izininka a allo kuma sai tana tsaye. Akwai ƙa'idar Majalisar Ɗinkin Duniya mai lamba 156, wadda ta fara aiki a Janairun 2021, da ta wajabta wa kamfanoni a ƙasashen da suka karɓe ta su ajiye tarihin kowace manhaja da abin da ta taɓa.

Tabbatarwa kuwa ba wuya. Ko ƙaramar na'urar OBD tana karanta lambobi biyu daga kwamfutar inji, CAL ID da CVN, wato lambar manhaja da lambar tantancewa. Ka rubuta su kafin ka miƙa makulli, ka sake karantawa in ka karɓa. In ba su canza ba, ba a ɗora komai ba. Ka ce a rubuta tsohuwar lamba da sabuwa a takardar aikin. Ka kai motar da yamma ta kwana wurinsu, a tashe ta da sanyin safe kana kusa da makanikin, don ya ji cijewar da kansa kafin a taɓa komai. Kuma daga yau zuwa ranar, in wutar inji ta kama ta tsaya cak, ka lallaba ka kawo ta. In kuwa ƙyaftawa take yi, silinda ce ba ta ƙona mai, ɗanyen fetur yana tafiya salansa. Ka gangara gefe ka kashe, a zo a ɗauke ta.