Mu tara za mu kwana a Chappal Waddi cikin hunturu: wane kaya zan saya?

Ɗan Fagge:

Assalamu alaikum jama'a. Shawara nake nema, kuma don Allah wanda ya taɓa kwana a kan dutse ya amsa, ba wanda ya gani a waya ba.

Mu tara ne, ajinmu ɗaya a sakandare, yanzu kowa da iyalinsa da tumbinsa. Duk shekara mukan haɗu a ci nama a watse. Bana sai wani daga cikinmu ya ce abin kunya ne a ce dutsen da ya fi kowanne tsawo a Najeriya yana nan Taraba, mita 2,419, baƙi na zuwa daga nesa suna hawa, mu ko sunansa ba mu iya faɗa daidai ba. Kafin a tashi an sa rana: makon farko na Janairu, Chappal Waddi, kwana biyu ko uku a waje. Ni da ban ce uffan ba aka ɗora wa sayen kaya, wai don shagona na kusa da kasuwa.

Sanyin ne ke damuna. Shekara uku da suka wuce na kwana a bayan garin Jos cikin Disamba, a kan tabarma, da manyan barguna biyu da rigar sanyi a jikina. Wallahi ban runtsa ba. Ta sama na rufa ruf, amma haƙarƙarin da na kwanta a kansa kamar an ɗora shi kan ƙanƙara. Har yau ban gane inda na kuskure ba, kuma ba na so in jawo wa mutum takwas irin wannan daren.

Kowa ya ba da dubu sittin na kaya, ban da kuɗin mota. Tanti zan saya ko babban tamfol ya isa mu duka? Na ga jakar barci a wajen masu gwanjo a Ƙofar Wambai, ko tana da amfani? Sannan akwai abokinmu da ya dage sai an tafi da kasko da buhun gawayi, a hura a cikin tanti kamar yadda tsohuwarsa ke yi a ɗaka.

Tsohon Sikawut:

Wa alaikumus salam. Malam, ba bargo ne ya ci amanarka a Jos ba, tabarma ce. Ƙasa mai sanyi tana zuƙe ɗumin jiki fiye da yadda iska ke yi, kuma duk abin da ka danne da nauyinka ya daina riƙe ɗumi, ko da jakar barci ce ta dubu ɗari. Don haka kuɗin farko a shimfiɗa za ka zuba shi. Ka sami soso mai tauri wanda ba ya shan ruwa, irin wanda ake naɗewa, kowa nasa. In ba ka samu ba, leda a ƙasa, kwali ninki biyu a kai, sannan bargo ɗaya a shimfiɗe. Da ka shimfiɗa ɗaya daga bargunan nan naka ka rufa da ɗaya, da ka yi barci.

Tamfol ɗaya na mutum tara, a'a. Iskar kan dutse za ta shiga ƙarƙashinsa ta ɗaga shi, ku kwana kuna bin turaku. Tanti uku, mutum uku-uku, masu rufi biyu. Ƙaramin tanti da ya cika da mutane ya fi ƙato ɗumi. Tamfol ɗin ku tafi da ƙarami don girki da salla. Kuma ko sanyi ya kai ina, a bar 'yar kafar iska ta sama a buɗe, in ba haka ba tururin numfashinku zai taru a rufin ya ɗigo muku kafin asuba.

Jakar gwanjo ba laifi, wasu ma sun fi sababbin da ake kawowa yanzu. Ka ja zif ɗin sama da ƙasa sau uku a gaban mai kaya, ka ɗaga ta ga hasken rana ka ga ko abin cikinta ya dunƙule ya bar fili. Masu kyau za ka ga lambobi uku na ma'aunin sanyi a jiki. Ta farko ita ce wadda mutum zai yi barci cikin daɗi, ta ƙarshe kuwa ma'anarta kawai ba za ka mutu ba. Mai kaya ta ƙarshen zai nuna maka. Kai ka nemi wadda lambarta ta farko ke wajen digiri 5 ko ƙasa.

Tufafi: ka hana su jins da singiletin auduga. Auduga in ta sha gumi wajen hawa ba ta bushewa, da rana ta faɗi sai ta zama jiƙaƙƙen tsumma a jiki. Rigar 'yan ƙwallo a ciki, suwaita ta ulu a kai, sannan wadda iska ba ta ratsawa. Hular sanyi, safar hannu, da safa ɗaya busasshiya da ba za a taɓa ba sai lokacin kwanciya.

Na Gembu:

Sannunku da niyya, Allah ya kawo ku lafiya. Ni a nan saman Mambila aka haife ni. Abu na farko, dutsen yana cikin gandun dajin Gashaka Gumti, wanda ya fi kowanne girma a ƙasar nan, ga shi kuma a bakin iyakar Kamaru. Ba wurin da za ku ɗauki jaka ku kutsa ba ne. Ku tsaya Serti, ofishin gandun yana can, ku nemi izini da jagora, ku tambaye su halin da hanya ke ciki a makon da za ku zo. In kun isa ƙauye ko ruga, ku fara gaida Jauro ko Arɗo kafin ku kafa komai. Sukari da ganyen shayi a hannu ba sa ɓata gaisuwa.

Daga Kano ku ba hanya kwana biyu: Gombe, Numan, Jalingo, Bali, Serti, sannan hawan da ke bayan Mayo Selbe. Direban da bai saba da kwanar dutse ba kada ya yi hawan nan da dare. Daga wajen Nguroje babur ne, daga nan sai ƙafa. Ku sa rigar sanyin tun kafin ku hau babur, baƙi da yawa a nan suke fara kwasar mura.

Lissafin da aka koya mana a makaranta, duk hawan mita 1,000 zafi na raguwa da wajen digiri 6 da rabi. Kano ba ta kai mita 500 ba, sai ka auna da kanka. Ga iska, ga raɓa da ke jiƙa takalmin da aka bari a waje. Kada ku ɗauko wake, a can sama ruwa na tafasa tun bai yi zafin da ya saba ba, gas ɗinku zai ƙare bai nuna ba. Maimakonsa ku ɗauko taliya, garin kwaki, ƙuli-ƙuli, kilishi, dabino, shayi da citta. Wuta kuma a kula, ciyawa a bushe take ƙayau a Janairu, kuma abincin shanun mutane ce.

Baban Walid:

Kai jama'a, mutum da ɗakinsa da matarsa ya biya kuɗi ya je ya kwana a kan dutse? Allah ya ba da sa'a. Ku dai turo hoto.

Anti Nas:

Ɗan'uwa, ni maganar gawayin ce ta tsayar da ni. Ina aikin jinya, kuma duk hunturu sai an kawo mana waɗanda suka kwana da garwashi a ɗaki a rufe. Gawayi na fitar da iskar kabon monoksaid, ba ta da wari ba ta da launi, kuma jini yana kama ta fiye da iskar da muke rayuwa da ita sau sama da 200. Mai ido biyu zai ji ciwon kai da jiri da tashin zuciya. Mai barci ba ya jin komai. Ɗakin tsohuwar abokinku yana da tsayi da kafofi, tanti kuwa leda ce da mutum uku a ciki, ga ta da saurin kama wuta. Kasko, risho, gas, duk a waje. In ɗumi kuke so, ku zuba ruwan zafi a gora mai murfi mai kyau, a zura ta cikin safa, a sa a ƙafa.

Kuma ka tambayi mutanenka tun yanzu, a keɓe: akwai mai sikila? Akwai mai asma? Sanyi da tsawon dutse da ƙarancin ruwa a jiki duk suna tayar da ciwon sikila, wannan sai ya ga likitansa kafin ya biya kuɗin mota. Mai asma ya sa abin shaƙarsa a aljihun ciki, ya rufe hanci da baki da mayafi. In kun ga wani yana ta karkarwa, sai ya fara magana kamar mai maye ko karkarwar ta tsaya alhali bai ji ɗumi ba, ba sauƙi ya samu ba. A cire masa jiƙaƙƙun kaya, a naɗe shi a tsakiyar mutane, in yana iya haɗiya a ba shi shayi mai sukari, a fara shirin saukowa.

Ɗan Fagge:

Allah ya saka da alheri. Yallaɓai Sikawut, shekara uku ina zagin barguna ashe ba su da laifi. Na je kasuwa yau, na sami jakunkuna shida masu kyau, biyu na mayar saboda zif. Anti, na tura wa mai kasko saƙonki, ya karanta bai ce komai ba, daga baya ya tambaye ni kuɗin gora. Mai asma kuma akwai, ni kaina ban sani ba sai yau, shekara talatin muna tare.

Saura abu ɗaya da aka fi yi mini gardama a kai: alwalar asuba.

Na Gembu:

Filas biyu manya. Ku cika su da daddare bayan shayi, ɗaya na sha ɗaya na alwala, ku kwana da su a cikin tanti. A surka da na sanyi a buta, zai ishe ku in ba a yi ɓarna ba. Ku goge ƙafa sosai kafin a mayar da safa, sannan a shafa man kaɗanya, in ba haka ba faso zai hana wani saukowa da ƙafarsa. Wace rana za ku iso Serti?