Ɗige-ɗige na ɓata min hotunan sabuwar kyamara, ku taimaka

Assalamu alaikum 'yan uwa masu sana'ar hoto. Ina zaune a Jidda, kuma shekara da shekaru da Nikon FM2 nake aiki, mai fim. Da fim ya yi wuyar samu, wanki kuma ya yi tsada, sai na sayi Nikon D3200 ta hannu, kyamarar dijital. Na ɗora mata tsohon lens ɗina na 50mm, na sa ta a M, wato inda mutum ke saita komai da kansa, tunda ba ta auna haske da shi, na nufi Balad, tsohuwar unguwar Jidda, bayan la'asar na ɗauki tsofaffin gidajen nan masu tagogin katako.

Hotunan sun yi kyau a fuskar kyamara. Ina buɗe su a kwamfuta don in tura wa yayana a Kano, sai ga ɗige-ɗige guda biyar masu duhu a sararin sama, kowane hoto wuri ɗaya suke, gefen hagu daga sama. In na matse ƙofar hasken lens zuwa f/16 suna fitowa ƙarara, in na buɗe ta zuwa f/2.8 kuwa sai su ɓace. Raina ya ɓaci ƙwarai, domin fim bai taɓa yi min haka ba.

Na goge lens gaba da baya, na ari wani na gwada, suna nan. Na kunna sharar da kyamarar ke yi wa sensa (abin da ke ɗaukar hoton a madadin fim) da kanta, na ɗaga madubin da ke gaban sensar na hura da famfon roba. Biyu sun tafi, uku sun ƙi motsi.

Ƙura ce ta manne saboda laimar Jidda, ko fumfuna ce? Wanda ya taɓa goge sensa da hannunsa, don Allah da me ya yi? Ina tsoron in karce ta, ga ɗaurin auren ƙanwata saura mako biyu.