Garabasar manhaja ta maƙale mini, in ci gaba ko in haƙura?

Maman Yara Biyu: Assalamu alaikum 'yan uwa. Ni malamar firamare ce a Kano, kuma tun da hukumar kula da sadarwa ta Najeriya, NCC, ta amince a ƙara kuɗin kira da na data da kashi 50 cikin ɗari a farkon 2025, na koma sayen data ta wata manhajar ajiyar kuɗi da ke mayar wa mutum ɗan wani abu duk sanda ya saya. Ƙanwar maigidana ce ta saka mini ita ranar wani suna, muna tsakar gida ana rabon waina, ta ce duk wanda na gayyato ya yi rajista za a ba ni tukuici. Na gayyato mutum bakwai, har da surukata, wadda ni na riƙe mata waya aka ɗauki hoton fuskarta. Yanzu garabasar ta kai naira 4,300, amma ba a yarda in cire ta ba, sai dai a riƙa rage mini kaɗan-kaɗan idan na sayi kati, kuma jiya na ga saƙon cewa wani kaso zai ƙone a ƙarshen wata. In ƙara saye don kada ya ƙone, ko in haƙura?

Alhajin Kwari: Wa alaikumus salam, Malama. Shekara ashirin ina sayar da atamfa, kuma ina gaya miki babu ɗan kasuwar da ke yin ragi daga aljihunsa. Wanda zai yi miki ragin dubu biyu ya riga ya ɗora dubu uku. Ki goge manhajar yau, ki je kasuwar hatsi ta Dawanau ku haɗa kuɗi ke da malamai uku ku sayi buhun masara ku raba, ki taya, ki nemi gyara. Gyaran mudu a idonki ake zuba shi, kuma ba ya ƙonewa a ƙarshen wata.

Ɗan Jami'a: Da girmamawa, Alhaji, gogewa asara ce, domin data dai sai ta saya ko da manhaja ko babu. Abin da ya kamata shi ne ta sayi iya abin da ta saba saya, ragin ya riƙa shiga, wanda ya ƙone kuma ta bar shi. Sai dai ta lura cewa tun Disambar 2024 irin waɗannan manhajoji suka fara cire harajin naira 50 idan kuɗin da aka tura ya kai dubu 10, don haka yawan juya kuɗi tsakanin asusu yana cinye garabasar.

Hajiya Mai Ɗinki: Ni abin da ya same ni ya fi wannan ciwo. Na jira rangwamen Nuwamba na wani kantin intanet don sayen dutsen guga, ashe sati biyu kafin nan sun ɗaga farashin, sannan kuɗin kawowa ya haɗiye ragin gaba ɗaya. Da ya iso ma wayarsa ba ta kai kamu biyu ba.

Alhajin Kwari: Kun ji ko? Abin da nake faɗa ke nan. Kuma Malama, asusun da aka buɗe da BVN (lambar tantancewa ta banki) ɗin dattijuwar surukarki, wa ke riƙe da lambar sirrinsa? Idan wani abu ya faru, sunanta ne a rubuce.

Maman Yara Biyu: Alhaji, da yardarta na buɗe, kuma lambar tana hannuna, ban taɓa ba kowa ba. Zancen Dawanau kuwa, albashi ba ya kai ni tsakiyar wata, balle in tara kuɗin rubu'in buhu da na mota. Ni ban ga laifin wanda ya tsinci naira ɗari a sayen da dole zai yi ba.

Ɗan Jami'a: To nawa kike kashewa a data duk wata kafin ki saka manhajar, nawa kuma yanzu? Amsar tana nan.

Maman Yara Biyu: Ban lissafa ba, amma yaran ma suna karatu da wayar, don haka ba za a ce ni kaɗai ba ce. Tambayata dai har yanzu ita ce, akwai wanda ya san hanyar da ake mayar da garabasar ta zama kuɗin hannu?