Fitowar ƙarin aure: ihu ya yi yawa, zafi babu

Ɗan Tudun Wada:
Salamu alaikum. Fitowa ce a fim da maigida zai gaya wa uwargida zai ƙara aure. Shafi uku ta ci, duk ihu da kuka, amma ba ta taɓa zuciya. Gyaran a rubutu yake ko a wasa?

Malamar Samaru:
Wa alaikumus salam. Daga rubutu ne, Malam. Raba takarda gida biyu: gefe guda abin da bakinta ya faɗa, ɗaya gefen abin da ke ranta. Duk layin da suka zo ɗaya, goge shi. Matar da ta shekara 15 a ɗakinta ba za ta ce "ka cuce ni" ba. Cewa za ta yi, "Allah ya sanya alheri. Ɗakin da ka ce na Abba ne za a gyara mata?" Ga addu'a, ga habaici, ga tunin alkawari, duk a numfashi ɗaya. Shi ma kada ya fito fili. Bari ya yi ta kewaye-kewaye da zancen kuɗin makarantar yara har ita ta riga shi faɗa. Shafi ɗaya kusan minti ɗaya ne a fim, don haka ɗaya da rabi ya isa.

Baban Kongo:
Ku ba jarumar aikin hannu, ko tsintar shinkafa ce a faifai. Da maigidan ya furta, hannun ya tsaya daƙiƙa biyu ko uku, sannan ta ci gaba da sauri fiye da dā. Ta riƙe hawayen, kada ta sake shi. Wanda ya taru bai zubo ba ya fi cin ran mai kallo. Darakta kuma ya daina cewa "ƙara fushi", don tsawa kawai zai samu. Ya ce mata, "sa shi ya ji kunya."

Mai Sauti, Sabon Gari:
Ku fara da ɗaukar fuskarta kusa-kusa, domin idan aka kai ɗauka ta biyar a hoton nesa, idon ya riga ya bushe. Makirufon ƙirji yana gogar mayafi, ku maƙale shi da filasta. Kada jaruman su yi magana a lokaci ɗaya, edita ba zai iya yankawa ba. A ɗauki shirun ɗakin na daƙiƙa 30, janareto kuma a kai shi bayan katanga. Don Allah kada a ɗora kiɗan tausayi a kan shirun nata.