Neman kalma: saitin da ke sa manhajar ofis ta daina wahalar da kwamfuta

Jama'a, ku taya mu. Muna rubuta wa sababbin abokan aikinmu takardar koyarwa da Hausa a nan Katsina, sai muka iso kan abin da Bature ke kira "low-resource mode", muka tsaya cik.

Ga wanda bai san abin ba: akwai manhajojin ofis na intanet, irin su Gather da ta fito a 2020, inda kowane ma'aikaci ke da ɗan mutum-mutuminsa yana yawo cikin taswirar ofis. Ka matsa kusa da abokin aiki, bidiyonsa ya buɗe, ku gaisa. Gwanin sha'awa, sai dai tsohuwar laftop mai RAM (wurin da kwamfuta ke riƙe aikin da take kai) giga 4 ba ta jurewa. Fanka ta kama ƙugi, ƙasanta ya ɗau zafi har ka janye ta daga cinya, ka motsa linzamin kwamfuta (mouse) sai can ya biyo ka. Saitin da muke nufi shi ke kashe ƙyale-ƙyalen motsi, ya rage kyan hoto, ya rage yawan fuskokin da ake nuna maka lokaci guda.

Wani malaminmu daga Daura ya ce a kira shi "tsimin data". Allah ya gafarta Malam, rabin gaskiya na wurinka. Zoom, manhajar taron bidiyo, da kanta ta ce bidiyon mutum biyu a kyan hoto na 720p yana neman kusan megabit 1.2 a daƙiƙa, murya zalla kuwa kilobit 60 zuwa 80 ta ishe ta. Google Meet ma tana bari ka sauko daga 720p zuwa 360p, ko ka karɓi murya kaɗai. Duk wannan tsimi ne. Amma ɗauki dusar da bayan hoto, wadda ake kunnawa don kada a ga ɗakinka: ba data take ci ba, ƙwaƙwalwar na'ura take gajiyarwa, ta zuƙe batir. Mai intanet na kirki da tsohuwar kwamfuta ma yana bukatar saitin nan. (Ban da cewa 'yan matan ofis sun fashe da dariya da jin "tsimi". Masu aure sun gane.)

Ƙanena ya ce "maneji". Kowa na faɗa, amma ba ta nuna me ake manejin.

Wata 'yar'uwa ta kawo "saitin mai ƙaramin ƙarfi". Ta burge ni, don kusan fassarar ke nan daidai. Matsalar, a bakin Bahaushe mai ƙaramin ƙarfi talaka ne, kuma ba wanda zai so ya danna maɓallin da ke gaya masa matsayinsa a gaban ogansa.

Ni ina kan "rage nauyi". Je wurin masu gyaran waya ka saurara: "manhajar nan ta yi wa wayata nauyi", "sistem ɗin ya yi nauyi". Kalmar tana bakin mutane tun kafin mu nema, ta kuma ɗauki data, RAM da batir gaba ɗaya. Shi muka sa a takardar: saitin rage nauyi. "Tsimin data" na Malam mun bar wa irin zaɓin WhatsApp na rage cin data a kira.

Saura "frame rate", wato yawan hotunan da bidiyo ke nunawa a daƙiƙa. Mai shawara, bismillah.